Zauren Shawara: Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

Da fatan karatu yana tafiya daidai, kuma 'yan aji shida da ke fuskantar jarrabawar WAEC da NECO ba su bar fargaba ta hana su barci ba.

A makarantun sakandare da dama akwai wani ɗan ofis, sau da yawa a ƙarshen baranda ko a gefen ɗakin malamai, da aka manna wa takarda a ƙofa mai nuna cewa nan ne ofishin jagoranci da ba da shawara. Ɗalibai kan wuce shi da sauri kamar masu wuce gidan da ke da kare. Wasu sun ɗauka wurin masu laifi ne, sai wanda aka kama ya tsallake katanga ko aka samu kwalbar kodin a jakarsa ake kaiwa. Wasu kuma sun ɗauka aikin mai ofis ɗin bai wuce ya faɗa maka ajin kimiyya za ka shiga ko na kasuwanci ba. Amma dalilin da na fi ji daga bakin ɗalibai, har a wasiƙun da kuke aiko wa wannan fili, shi ne tsoron raini. Ɗalibi yakan ce a ransa: idan na faɗa wa malamin nan cewa kakata ta ce iska ce ta taɓa ni, ko kuwa babana ya karɓo mini rubutu, dariya zai yi, ko ya ce mutanen gidanmu ba su waye ba. Gara in yi shiru.

Wannan shirun yana jawo asara, musamman a jiharmu. Wasunku suna firamare a daren 11 ga Disamba, 2020, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. An sako su bayan kwana shida, amma abin da ido ya gani a daji ba ya gogewa a rana ɗaya. Haka kuma iyalai da yawa sun baro ƙauyukan Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa sun dawo cikin birnin Katsina, 'ya'yansu kuma suna zaune benci ɗaya da ku. Irin waɗannan ɗalibai suna buƙatar wanda zai saurare su, kuma ba duk mai satifiket ne ya iya sauraro ba. Saboda haka yau za mu duba wani hali guda ɗaya da ake gane mai ba da shawara nagari da shi, wato ƙanƙan da kai a gaban al'adar wanda ya zo wurinsa.

Malamai biyu, ɗaliba ɗaya

Bari mu ɗauki misali. A ce ga yarinya 'yar aji huɗu, iyayenta sun gudo daga wani ƙauye a ƙasar Batsari sun kama haya a Sabuwar Unguwa. Tana da ƙoƙari a aji, amma sau biyu ke nan tana yanke jiki ta faɗi a taron safe. Da dare takan farka da ihu. Kakarta ta ce iska ce, an kira malami ya yi mata ruƙiyya, ana ba ta rubutu tana sha. Malamin ajinsu ya tura ta ofishin ba da shawara.

Mai ba da shawara na farko ya yi karatu sosai, kuma yana son ya taimaka. Tun ba ta gama bayani ba ya gane inda matsalar take, sai ya katse ta: "Babu wani aljani a nan. Firgita ce ta zauna miki a ƙwaƙwalwa. Ki faɗa musu a gida su daina ɓata kuɗinsu wajen malamai." Yarinya ta sunkuyar da kai ta ce, "To, Malam." Ba ta sake komawa ba. Idan ma ta kai saƙon gida, abin da mahaifinta zai ji shi ne malaman boko suna koya wa ɗiyarsa raina addu'a da raina iyaye, kuma ba abin mamaki ba ne ya ce ta zauna a gida haka nan. Mai yiwuwa malamin ya gano ciwon daidai, amma ya rasa ɗalibar.

Ta biyun kuwa da tambaya ta fara.

"Ɗiyata, wannan abin da ke damunki, me ake kiran sa?"

"Malama, a gida cewa ake yi iska ce."

"To, ke fa, me kike gani?"

"Ban sani ba, Malama. Ni dai in na ji ƙarar babura da yawa, sai ƙirjina ya riƙa bugawa, daga nan ban san inda nake ba."

"Tun yaushe?"

"Tun daren da suka shigo garinmu."

"Tofin da ake miki fa, yana sa ki ji sauƙi?"

"In Inna ta yi mini, nakan samu barci."

"To, a ci gaba da shi. Me kika fi tsoro a cikin wannan lamari?"

"Kada a ce na haukace, a cire ni daga makaranta."

Ku lura da abin da ya faru. Cikin tambayoyi kaɗan malamar ta san abin da ke tayar da ciwon, ta san ranar da ya fara, ta san wanda yarinyar ta fi yarda da shi a gida, ta kuma san babban tsoronta. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ke rubuce a littafin da ta karanta a jami'a. Daga nan sai ta nemi izinin yarinyar, ta tambaye ta da wa take so a fara magana. Da Inna ta zo, malamar ta tashi ta gaishe ta da ladabi, ta yaba ɗawainiyar da suke yi, sannan ta ce: "Inna, addu'a ba a daina ta. Roƙona shi ne mu haɗa da asibiti, a auna jininta, a duba ko akwai farfaɗiya ko wani abu, domin faɗuwa tana da dalilai da yawa. Ni kuma ta riƙa zuwa wurina duk mako muna magana." Da wuya a samu kakar da za ta ƙi wannan.

Daga ina wannan tunani ya fito?

Aikin ba da shawara a makarantun Najeriya ya daɗe. Ana danganta farkonsa da shekarar 1959, lokacin da malaman wata makarantar 'yan mata a Ibadan, St. Theresa's, suka gayyato ma'aikata daga waje su yi wa ɗaliban ajin ƙarshe bayani kan sana'o'i. An kafa ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa a 1976, sannan Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta ambaci buƙatar samar da su a makarantun gaba da firamare. Sai dai yawancin littattafan da ake horar da su da su daga Amurka da Ingila suka fito, kuma an rubuta su ne bisa yadda mutanen can suke rayuwa.

Su ma can sun gano wannan giɓi. A da, maganin da suka kawo shi ne a koya wa likita jerin halayen kowace ƙabila, a ce masa mutanen ƙasa kaza haka suke, 'yan ƙabila kaza ga yadda suke. A shekarar 1998 wasu likitocin yara biyu a Kalifoniya, Melanie Tervalon da Jann Murray-García, suka rubuta maƙala suka nuna haɗarin wannan hanya. Sun ba da labarin wata ma'aikaciyar jinya da ke kula da wata mata 'yar asalin Latin Amurka bayan an yi mata tiyata. Matar tana nishi saboda zafi, amma ma'aikaciyar ta ƙi ɗaukar abin da muhimmanci, domin wai ta taɓa yin kwas inda aka koya mata cewa mutanen yankin raki ne da su. Ɗan ilimin da ta samu game da al'adar matar shi ya toshe mata kunne.

Likitocin biyu suka ce ba a gama sanin al'adar mutane kamar yadda ake gama haddace jadawalin lissafi. Abin da ake buƙata shi ne tawali'u, kuma sun kasa shi gida uku. Na farko, mai taimako ya riƙa binciken kansa har ƙarshen aikinsa, yana tambayar kansa wane zato ya shigo da shi ɗakin. Na biyu, ya tuna cewa shi ke da iko a wannan zama, shi ke kan kujera mai tebur, saboda haka shi ya kamata ya sauko. Na uku, ya yi aiki tare da jama'ar da mara lafiya ya fito daga cikinsu, kada ya ɗauke su abokan gaba. Tun kafin su, a 1978, wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Amurka, Arthur Kleinman, da abokan aikinsa sun tsara wasu 'yan tambayoyi da likita zai yi wa mara lafiya domin ya ji yadda shi kansa yake fassara ciwonsa. Irinsu ne kuka ji malamar nan ta yi. Mu kuwa tuni kakanninmu suka taƙaita zancen: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Darasi daga ƙasar Malumfashi

Wani zai ce wannan matsalar baƙi ce, mu da malamanmu duk Hausawa ne, mun san juna. To, ku saurari abin da aka gano a nan jiharmu. Farfesa Murray Last, Baturen Ingila da ya rubuta sanannen littafi kan tarihin Daular Sakkwato, ya zauna a wani gidan Maguzawa a ƙasar Malumfashi wajen shekarar 1970, yana nazarin yadda mutane suke fahimtar ciwo da magani. A 1981 ya fitar da maƙala kan muhimmancin sanin abin da mutane ba su sani ba. Abin da ya lura da shi shi ne mutanen yankin ba su da bayani guda ɗaya da kowa ya yarda da shi game da cuta. Masu magani kowa da hanyarsa, jama'a da yawa kuma ba su damu da sanin yadda magani yake aiki ba, abin da suke nema shi ne sauƙi.

Wannan darasi ne babba ga duk wanda yake cewa, "Ai na san tunanin Bahaushe." Wane Bahaushen? Gida biyu a layi ɗaya a Rafindadi, ɗaya yana zuwa wajen mai ruƙiyya, ɗaya kuma asibiti kawai ya sani. A gida ɗaya ma uwa da uba sukan saɓa. Malamin da aka haifa a Yarinci, ya yi karatu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, bai san rayuwar yaron da ya taso a ruga yana kiwo ba, sai ya tambaya. Bai san abin da ke damun 'yar ɗan kasuwa Ibo ko Bayarabe da aka haifa a Katsina ba, ko ɗalibin Kirista daga Ƙafur, ko marayan da ke tura baro a kasuwa bayan an tashi makaranta. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, mai ba da shawara kuwa dole ya koyi kukan kowane gida daga bakin ɗan gidan.

Kunya da yaren jiki

Akwai abubuwa biyu a tarbiyyarmu da kan rikita wanda ya dogara da littafi kaɗai. Na farko kunya. A littattafan Turawa, wanda ya ƙi kallon ka ido cikin ido ana zaton yana ɓoye wani abu. A wurinmu yaron da ya ƙura wa babba ido shi ne marar tarbiyya. Ɗalibi zai shigo da damuwa fal cikinsa, a tambaye shi, ya ce "lafiya lau" ko "ba komai," domin an koya masa kawaici, an kuma faɗa masa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Uwa za ta zo makaranta ta ƙi ambatar sunan ɗanta, ta riƙa cewa "yaron nan." Wanda bai sani ba zai rubuta cewa ba ta damu da shi ba, alhali ɗan fari ne, alkunya take yi. Mai ba da shawara nagari ba ya gaggawar fassara shiru. Yakan ba shi lokaci, yakan sake tambaya ta wata hanya, wani lokaci ma yakan ba ɗalibi takarda ya rubuta abin da bakinsa ya kasa furtawa.

Na biyu, mu ba kasafai muke cewa "ina cikin baƙin ciki" ba. Jiki muke sa wa ya yi magana. Za ka ji an ce kaina yana ɗaukar zafi, ƙirjina ya yi nauyi, zuciyata tana tafasa, wani abu yana yawo a jikina. Tun a 1960 wani likita ɗan Kanada, Raymond Prince, da ya yi aiki a Abekuta, ya rubuta game da ɗaliban Najeriya masu irin wannan koke: zafi ko ƙaiƙayi a ka, idanu su yi dishi-dishi, a yi ta karatu ba ya shiga. Na san wasunku sun san wannan hali idan jarrabawa ta matso. Ciwon gaske ne, ba lalaci ba ne. Wanda ya iya aikinsa zai sa a duba lafiyar jikinka da idonka, sannan ya tambaye ka yadda barcinka yake, da abin da ake jira daga gare ka a gida, da abin da kake tsoron zai faru idan ka faɗi.

Likitan da ya koma ƙauye

Babban misalin wannan tawali'u a Najeriya shi ne Farfesa Thomas Adeoye Lambo. Ya yi karatun likita da na ƙwaƙwalwa a Ingila, ya dawo gida a 1954 aka ba shi asibitin Aro da ke Abekuta. A wancan zamani masu taɓin hankali kulle su ake yi a bayan katanga, nesa da danginsu. Lambo ya duba ya ga mutanenmu ba sa warkewa a cikin kaɗaici. Sai ya je wurin dagatan ƙauyukan da ke kewaye da asibitin ya nemi su ba marasa lafiya masauki a gidajensu. Kowane mara lafiya yakan zo da ɗan'uwansa, uwa ko 'yar'uwa, wanda zai yi masa girki ya kula da shi. Da safe a zo asibiti a karɓi magani, da yamma a koma cikin jama'a, a je kasuwa, a yi hira.

Bai tsaya nan ba. Ya jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki tare da su, domin ya gane su ne suka san yaren da marasa lafiya ke fahimta, kuma su aka fi yarda da su. Bai bar maganin asibiti ba, bai kuma raina na gida ba. Wannan tsari na Aro ya yi suna a duniya, shi kuma daga baya ya shugabanci Jami'ar Ibadan, sannan ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya.

Shekaru hamsin bayan haka, wani likita a Zimbabwe, Dixon Chibanda, ya bi irin wannan sawu. Ƙasarsu tana da ƙarancin likitocin ƙwaƙwalwa, sai ya horar da tsofaffin mata, kakanni, su riƙa zama a kan benci a harabar ƙananan asibitocin Harare suna sauraren masu damuwa. Ba su yi amfani da manyan kalmomin likitoci ba. Sun yi amfani da kalmar yarensu na Shona, kufungisisa, wadda ke nufin yawan tunani. Binciken da aka buga a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da kakannin sun fi samun sauƙi bayan wata shida a kan waɗanda aka ba kulawar da aka saba.

Kada kuma wani ya ce muku kula da lafiyar zuciya baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Malamin nan Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi kan kula da jiki da rai, inda ya yi bayanin fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi. Har ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rasuwar masoyi, da wanda yake saukar wa mutum ba gaira ba dalili, wanda ya ce yana buƙatar maganin likita.

Inda tawali'u ya tsaya

A nan sai mu yi hattara. Girmama al'ada ba yana nufin a yarda da duk abin da aka yi da sunanta ba. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun shiga wani gidan mari a Rigasa da ke Kaduna, a watan Oktoba kuma suka shiga wasu a Daura da nan cikin birnin Katsina. An fito da yara da matasa masu yawa, wasu da mari a ƙafa, wasu da tabon duka a jiki. Yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, ba don ƙiyayya ba, sai don sun rasa inda za su nufa da ɗan da ke shaye-shaye ko wanda hankalinsa ya taɓu. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma tabbatar da cewa mai irin wannan ciwo yana da haƙƙi da mutunci kamar kowa.

Saboda haka mai ba da shawara nagari zai ce a ci gaba da addu'a da tofi, amma ba zai yi shiru ba idan ana dukan yaro da bulala wai don a fitar da aljani, ko ana ɗaure shi, ko ana turara masa hayaƙin da ke shaƙe shi, ko an hana mai farfaɗiya shan maganinsa. Ba zai yi shiru ba idan wani babba yana lalata da yarinya ko yaro kuma ana cewa a rufa asirin gida. Bambancinsa da mai girman kai shi ne yadda yake faɗin gaskiyar. Yakan nemi wanda gidan ke jin maganarsa, kawu ko gwaggo ko liman ko mai unguwa, ya yi magana ba tare da ya tozarta kowa ba. Idan rai yana cikin haɗari kuwa, ba ya jiran yardar kowa kafin ya sanar da hukumar makaranta.

Yadda za ka gane shi

Idan ka shiga ofishin nan, ga alamomin da za ka duba:

1. Yana tambaya fiye da yadda yake wa'azi, kuma yana barin ka ka kai ƙarshen maganarka.

2. Ba ya dariya ko yatsina fuska idan ka ambaci abin da aka yarda da shi a gidanku, ko addininku ɗaya ko ba ɗaya ba.

3. Yana iya cewa, "Ban san wannan ba, yi mini bayani."

4. Tun farko yakan faɗa maka cewa sirrinka yana nan a rufe, sai fa idan ranka ko na wani yana cikin haɗari, ko ana cutar da kai. Ba za ka ji labarinka a ɗakin malamai ba.

5. Yana neman izininka kafin ya kira iyayenka a kan abin da ba na gaggawa ba.

6. Ya san iyakarsa. Idan abin ya fi ƙarfinsa zai tura ka wurin likita. Akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Katsina, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na musamman a Barnawa da ke Kaduna, da Kware a Jihar Sakkwato, da Dawanau a Kano.

Ke kuma ɗaliba, kina da damar ki ce kin fi son ki yi magana da malama mace, ko a bar ƙofa a buɗe, ko ƙawarki ta raka ki. Wannan ba rashin kunya ba ne, kuma malamin kirki ba zai ji haushi ba.

Naka aikin

Kai ma da naka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Idan ka samu wanda ya tambaye ka da gaskiya, ka faɗa masa komai, har da maganin gargajiyar da kake sha, domin wani jiƙon ba ya haɗuwa da ƙwayar asibiti. Idan ya fassara maganarka ba daidai ba, ka gyara masa cikin ladabi: "Malam, a gidanmu ba haka ake nufi ba." Ba ka raina shi ba, taimakonsa ka yi. Idan kuma ka gwada wani bai saurare ka ba, kada ka yanke cewa duk haka suke. Nemi malamin ajinku, ko malamar da ke kula da ɗakin kwana, ko wani babba da ka amince da shi. Duk ranar da ka ji kana tunanin cutar da kanka, ka faɗa wa babba a wannan ranar, kada ka bari ta kwana.

Sannan ku tuna cewa kafin ɗalibi ya je kowane ofis, abokinsa yake fara faɗa wa. Wato ku ne masu ba da shawara na farko a makarantarku. Idan wanda ke gefenka ya razana don an buga ƙofa da ƙarfi, kada ka yi masa dariya, kada ka laƙaba masa "ɗan gudun hijira" ko "mai aljanu." Idan ƙawarki ta ce an yi mata sammu, kada ki ce ƙarya ne, kada kuma ki ƙara mata tsoro da labaran da kika ji. Tambaye ta yaushe abin ya fara, me ta fi tsoro, wa ta faɗa wa. Daga nan ki ce, "Zo in raka ki wurin Malama." Masu sha'awar wannan aiki a cikinku kuma su sani ana karanta shi a jami'o'i da kwalejojin ilimi, kuma jiharmu tana buƙatar masu yinsa da suka iya Hausa da Fulatanci, suka kuma iya sauraro.

Aikin gida na wannan mako: ka tambayi kakarka ko wani dattijo a unguwarku waɗanne kalmomi ake amfani da su a da wajen bayyana damuwar zuciya, da kuma wurin wa ake zuwa idan abin ya yi tsanani. Ka rubuto mana abin da ka samo, tare da ajinka da sunan makarantarku, za mu buga waɗanda suka fi armashi. Wanda kuma ke da tambayar da ba ya so a ambaci sunansa, ya rubuta haka a saman takardar, za mu kiyaye.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. A yi karatu da kyau, a kuma riƙa duba na kusa.